Ina da inshorar gida, sai na ƙara da ta ambaliya?

Tambaya: Shekara biyu ke nan da na gama ginin gidana, na kuma yi masa inshorar gobara da sata. Bana da na je sabuntawa sai dillalin ya ce in ƙara da ta ambaliyar ruwa. Gidan nan ba a bakin kogi yake ba, dattawan unguwar ma sun ce ba su taɓa ganin ruwa ya shiga wurin ba. Akwai buƙatar hakan kuwa, ko dai neman kuɗi ne? In kuma zan saya, me ya kamata in duba?

Amsa:

Malam, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a ci moriyarsa cikin lafiya. Na daɗe ina aikin tantance asara, wato ni ne wanda ake turawa bayan abu ya faru, in je in ga ɓarnar da idona, in auna, in rubuta abin da ya kamata a biya. Saboda haka abin da zan faɗa maka daga cikin gidajen da ruwa ya riga ya shiga na samo shi. Shawarata ita ce ka saya, amma kada ka ba da ko sisi sai ka karanta yadda takardar ta fassara kalmar ambaliya. A wannan kalma ɗaya nake ganin mutane suna tafka asara.

A wurin mai gida ruwa duk ruwa ne, tunda ko ta ina ya shigo katifa ta jiƙe. Kamfanin inshora kuwa tambayar farko da yake yi ita ce, daga ina ruwan ya fito? Bututun da ya fashe a cikin bango daban. Ruwan sama da ya zubo bayan iska ta yaye kwanon rufi daban. Ruwan da ya taru a waje, ya cika titi, ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa, shi ne ambaliya, kuma shi ma daban. Akwai wanda yake dawowa ta masai da magudanar banɗaki idan babbar kwata ta cika, akwai kuma danshin da ke tsattsafowa ta ƙasan daɓe a hankali. Kowanne da sakin layinsa a takarda. Inshorar gida ta yau da kullum takan ɗauki na farko da na biyu. Na uku kuwa, a ƙasashe da yawa, an rubuta shi ne a shafin abubuwan da ba a biya, shafin da kusan ba mai karantawa.

Ba na manta wata safiya da aka tura ni gidaje biyu masu katanga ɗaya. Ruwa guda ne ya sauka a kansu cikin dare. Na farkon iska ce ta ɗage masa rufin ɗaki biyu, silin ya rufto, kayan ɗakin suka jiƙe sharkaf. Takardarsa ta ɗauki ɓarnar iska, aka biya shi. Maƙwabcinsa rufinsa ko ɗigo bai yi ba. Ruwa ne ya biyo titi ya shigo masa ta ƙofar gida, ya kai gwiwa a falo, ya kwana, da asuba ya janye. Da na shiga, ga layin laka a jikin bango ya zagaye ɗakunan kamar da igiya aka auna, ga ƙofofin katako sun kumbura sun ƙi rufuwa, ga littattafan yara an baje su a kan mota ana shanyawa. Dattijon ya fito mini da takardarsa a cikin leda, ya adana ta da kyau, shekara da shekaru bai taɓa fashin biya ba. Na buɗe shafin, na sa yatsa a kan layin da ya cire ambaliya, na karanta masa sau biyu. Bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba wanda ya taɓa nuna masa wannan layin. Har yau idan na tuna da fuskarsa sai in ji ba daɗi, kuma dalilin da ya sa nake tsawaita amsar nan ke nan.

Akwai dalilin da ya sa kamfanoni suke ware ambaliya, kuma sanin sa zai taimake ka. Gobara takan ci gida ɗaya a cikin gidaje da yawa, sai a biya mai shi daga kuɗin da sauran suka zuba. Ambaliya kuwa unguwa guda take cinyewa a dare ɗaya, kowa ya zo neman diyya rana ɗaya. Ga shi kuma waɗanda suka fi rububin sayen ta su ne waɗanda suka san ruwa na zuwa musu. Wannan ya sa kowace ƙasa ta ɓullo wa lamarin ta hanyarta. A Amurka kamfanoni masu zaman kansu sun daɗe da janye jiki daga inshorar ambaliya, har sai da guguwar Betsy ta 1965 ta yi mummunar ɓarna, sannan majalisa ta kafa shirin gwamnati na inshorar ambaliya mai suna NFIP a 1968, wanda hukumar agajin gaggawa ta FEMA take gudanarwa yanzu. Har gobe inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta biyan ambaliya, takarda daban ake saya. A Birtaniya yawanci tana cikin inshorar gida, amma tsadar ta ta fi ƙarfin mazauna wuraren da ruwa ke yawan ci, shi ya sa a 2016 aka kafa Flood Re, wani asusu da ke tsaya wa kamfanonin, wanda aka tsara zai ƙare a 2039. Gidajen da aka gina daga 2009 zuwa yau ba sa cikinsa, da gangan, don kada mutane su ci gaba da gini a hanyar ruwa suna dogaro da asusun. Faransa tun 1982 ta sa ƙarin kuɗi na dole a kan kowace inshorar dukiya domin bala'o'i irin wannan, sai dai ba a biya sai gwamnati ta ayyana cewa bala'i ya auku a yankin. A Jamus kuwa zaɓi ne, kuma lokacin da ruwa ya cinye kwarin kogin Ahr a watan Yulin 2021, ya hallaka mutum sama da 180 a ƙasar, kusan rabin gidajen Jamus ne kawai suke da wannan ƙarin. Na kawo waɗannan ne don ka ga cewa abin da ka karanta a intanet game da wata ƙasa ba lalle ya hau kanka ba. Takardar da ke hannunka da dokar inda kake su ne alƙalai.

Yanzu ga maganar cewa gidanka ba a bakin kogi yake ba. Mafi yawan gidajen da na shiga bayan ambaliya ba a ganin kogi daga ƙofarsu. Ruwan sama ne kawai da ya sauka ya rasa inda zai bi. Yi wannan lissafin da kanka: ruwan da ya kai milimita 50, wanda mamakon sa'a ɗaya ko biyu kan iya saukarwa, idan ya zuba a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, wato duro 25 masu cin lita 200. Wannan rufin gida ɗaya ne. Ka haɗa da rufin maƙwabta, da tsakar gidajen da aka mamaye da siminti, da kwalta. A da ƙasa ce take shanye yawancinsa. Yanzu duk magudana yake nufa, magudanar da aka haƙa lokacin da gidajen ba su kai rabin haka ba, wataƙila ma leda da yashi sun cike rabinta.

Dattawan unguwarku gaskiya suka faɗa, ba su taɓa gani ba. Amma wurin da suke tunawa fili ne ko gona. Mutum ɗaya da ya ja katanga a kan tsohuwar hanyar ruwa can sama da ku, ko titi ɗaya da aka sake zuba wa kwalta ya ƙara tudu har ya fi dokin ƙofarka tsawo, ya isa ya sauya inda ruwa zai kwanta. Ruwa ba ya manta hanyarsa, in an tare shi nan sai ya nemi mafi kusa.

Akwai kuma wata magana da take ruɗa mutane, wato a ce wuri na cikin yankin “ambaliyar shekara 100”. Mutum sai ya ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni, in ta zo bara to an huta sai jikoki. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta faru, ko da ta faru bara. Idan ka tara wannan a tsawon shekara 30, ya kai kashi 26 cikin 100, wato ya ɗan haura ɗaya cikin huɗu. Taswirorin hukuma da ke nuna waɗannan yankuna suna da amfani, ka nema ka duba naka, amma suna tsufa, kuma da yawansu kogi da teku suka fi lura da su fiye da ruwan da ke taruwa a titi. Lokacin da guguwar Harvey ta sauke ruwa a birnin Houston na Amurka a 2017, ɗimbin gidajen da ruwa ya shiga suna wajen yankin da taswira ta ce mai haɗari ne, kuma akasarin masu su ba su da inshorar ambaliya.

Abin da ya fi taswira shi ne idonka. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗan tsagaita ka fita ka zagaya. Ka ga inda ruwan yake fitowa da inda yake nufa, ka ga minti nawa yake ɗauka kafin ya janye daga ƙofarka. Ka gwada tsayin daɓen falonka da na tsakiyar titi. Ka dubi katangun maƙwabta ko akwai tsohon layin laka da fenti bai gama rufewa ba, ka lura da gidajen da aka ɗaga wa dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, domin ba wanda yake yin haka don ado. Har sunan wuri yakan tona asiri. Duk unguwar da sunanta, a kowane harshe, yake nufin fadama ko tafki ko kwari, waɗanda suka raɗa mata sunan sun san abin da suka gani.

Mutane sukan raina ruwan da bai wuce gwiwa ba, su ce ai shara ce da wanki. Ruwan ambaliya ba ruwan famfo ba ne, ya biyo ta kwata da masai da bola. Duk abin da yake tsotsar ruwa, katifa, kujerun kushin, kafet, kabad ɗin katakon da aka matse, ya tashi daga aiki. Soket da wayoyin da ke ƙasa sai an sauya. Injin firji da na wanki a ƙasa suke zaune. Filasta takan sha ruwa har sama da inda layin ya tsaya, funfuna kuma ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu take fara fitowa, bango kuwa yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya bushe yadda zai karɓi fenti. A duk tsawon lokacin nan iyali suna buƙatar wurin kwana. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan gobe na wayi gari da wannan, zan iya gyarawa daga aljihuna ba tare da na sayar da wata kadara ko na ci bashi ba? In amsar a'a ce, kana cikin waɗanda aka yi wannan inshorar dominsu.

To, me za ka duba? Fara da fassarar da na ambata. Ka nemi ganin cewa ta haɗa da ruwan sama da ya taru a ƙasa ya shigo, ba kogin da ya cika ya batse kawai ba. Akwai takardun da suke ɗaukar na kogi su bar na titi, kai kuwa na titi ne abin tsoronka. Shirin Amurka, misali, ba ya kiran abu ambaliya sai ruwan ya mamaye aƙalla eka biyu na busasshiyar ƙasa ko gidaje biyu. Ka tambaya kuma game da ruwan da ke dawowa ta masai, domin sau da yawa shi ne yake fara shigowa kafin na ƙofa, kuma yakan buƙaci ƙarin sakin layi na musamman a takarda.

Sai adadin da za ka yi inshorar a kansa, kuma a nan zan daɗe, don a nan masu neman sauƙi suke cutar kansu. Adadin da ya dace shi ne abin da za a kashe a sake gina gidan a farashin kayan gini na yau. Ba kuɗin da ka kashe shekara biyu da suka wuce ba, ba kuma farashin da za a sayi gidan a kasuwa ba, tunda wannan ya haɗa da fili, fili kuwa yana nan bayan ruwa ya tafi. Mutum yakan rage adadin da gangan don kuɗin shekara ya sauko, yana cewa ai ba duk gidan ne zai rushe ba. Abin da bai sani ba shi ne takardu da yawa suna da sharaɗin biya gwargwado. A ce sake gina gidan zai ci miliyan 100 na kowane irin kuɗi, kai kuma ka rubuta miliyan 60. Ruwa ya yi ɓarnar miliyan 30. Kana zaton za a ba ka 30 ɗin cif, tunda ba su kai 60 ba. Kamfani zai ce kashi 60 cikin 100 na gidan ka ba shi ya tsare, don haka kashi 60 na asarar zai biya, miliyan 18. Sauran 12 naka ne. Na sha zama ina yi wa mutane wannan lissafin a bayan ambulan, a gidan da ke warin laka, kuma ba wanda ya taɓa jin daɗinsa. Ka sa magini ko mai ƙiyasin gini ya ba ka adadi na gaskiya, ka kuma sake duba shi duk shekara, musamman idan farashi yana hawa.

Gini daban, kayan ciki daban, wannan ma ka riƙe. Wanda ya yi wa gini kaɗai inshora za a gyara masa bango da daɓe da wayarin, amma gado da firji da tufafi ba ruwan kamfani. A shirin Amurka ana sayen su a rarrabe, kowanne da iyakarsa: dala 250,000 ga ginin gida, dala 100,000 ga kayan ciki. Wanda yake haya kuwa kayan ciki ne kaɗai nasa, gini na mai gida ne, kuma inshorar mai gida ba za ta biya shi ko tsinke ba. Sannan ka tambaya, sabo za a ba ni a madadin tsoho, ko za a cire tsufa? Talabijin ɗin da ya shekara shida, idan aka cire tsufa, abin da za a ba ka ba zai sayi rabin sabo ba. Wadda take biyan sabo ta fi tsada, ta kuma fi amfani. Araha ba ta ado.

Akwai kason da kai za ka fara ɗauka daga kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. Sau da yawa na ambaliya ya fi na gobara yawa, wani lokaci ma kaso ne daga ɗari, ba tsayayyen adadi ba. Ka sa a faɗa maka shi da lambobi. Wannan kason ba abin ƙi ba ne. Idan kuɗin shekara ya yi maka nauyi, gara ka yarda da kaso babba wanda za ka iya ɗauka da ka rage adadin gidan, domin babbar asara ce kake gudu, ƙarama za ka iya da ita.

Shafin abubuwan da ba a biya ka karanta shi layi bi layi, da biro a hannu. Waɗanda suka fi yawan fitowa su ne katanga da get, kayan da ke tsakar gida kamar janareta da famfon rijiya, tsabar kuɗi da takardu, da kayan sana'ar da aka ajiye a gida. Mota inshorarta daban ce, kuma sai mai cikakkiyar kariya ce take ɗaukar ruwa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga masu shi, kusan kullum kariyarsa a taƙaice take. Zaftarewar ƙasa takan zama wani babi na daban ko da ruwa ne sanadi. Idan kana yawan tafiya ka duba sharaɗin barin gida ba kowa, don takardu da yawa suna rage kariya idan gida ya yi kwana 30 ko 60 a rufe. Ka kuma tambayi kuɗin hayar wurin zama kafin a gama gyara. Wasu suna biya, wasu ba sa biya, shirin gwamnatin Amurka ma ba ya biya.

Lokacin saye shi ma yana da muhimmanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin inshorar ambaliya tana da wa'adin jira kafin ta fara aiki, a shirin Amurka kwana 30 ne a mafi yawan lokuta, kuma kamfanoni sukan dakatar da sayarwa da zarar masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi. Ruwan da ya riga ya fara tasowa kafin takarda ta fara aiki ba a biyan sa. Ka saya lokacin da gari yake bushe, ka kuma kiyaye ranar sabuntawa, don fashin sati ɗaya yana iya mayar da kai farkon jira.

Wajen cike fom ka faɗi gaskiya tsantsa. Idan ruwa ya taɓa shiga ko da tsakar gida ne, ka rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mai tantance asara yana gane tsohon layin ruwa a ƙarƙashin sabon fenti, yana kuma tambayar maƙwabta. Ɓoye abu ɗaya yana ba kamfani damar soke yarjejeniyar gaba ɗaya, a daidai ranar da kake buƙatarta.

Ka tambaya ko neman kuɗi dillalin yake yi. Lalle yana da kamasho, da shi yake ci. Wannan bai mayar da shawararsa ƙarya ba, sai dai yana nufin kai ne za ka yi binciken da ya rage. Ka tabbata kamfanin yana da lasisi daga hukumar da ke kula da inshora a ƙasarka. Ka nemi wanda ya taɓa karɓar diyya daga gare su ka ji yadda aka yi da shi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ka tambaya ko su ma sun yi wa kansu inshora a wurin manyan kamfanoni, domin a ambaliya dubban mutane ne suke zuwa lokaci guda, kuma ƙaramin kamfanin da ba shi da mai tsaya masa yana iya durƙushewa. Ko gwamnati ma abin yana yi mata nauyi: shirin Amurka ya ci bashi mai yawa bayan guguwar Katrina ta 2005, har a 2017 majalisa ta yafe masa dala biliyan 16. Kuɗinka kuwa ka biya a asusun kamfani, ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, ba takardar shaida mai shafi ɗaya ba.

Idan damuwarka ta addini ce, akwai takaful, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda masifa ta afka wa a cikinsu, kamfani kuma yana matsayin mai kula da asusun. An kafa kamfani na farko irin wannan a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, kuma a 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da inshorar taimakekeniya a madadin ta kasuwanci. Duk abin da na faɗa game da fassara da adadi da wa'adin jira ya hau kan takaful, ita ma takarda ce mai sharuɗɗa.

Kada kuma ka sa ran tallafin gwamnati ya maye gurbin wannan. Tallafi yakan zo ne a matsayin abinci da bargo da ɗan abin da za a fara tsayuwa da shi, bayan dogon layi. A Amurka ma sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, kuma kaso mai yawa na taimakon gyaran gida bashi ne da za a biya.

Inshora ba ta hana ruwa shiga, don haka ka haɗa ta da gyaran da za ka iya. A ɗaga soket da akwatin wuta sama da inda ruwa zai iya kaiwa, a ɗora janareta da injin wanki a kan dakali, a sa wa bututun masai bawul mai hana ruwa dawowa, a bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, a yashe magudana kafin lokacin ruwa. Wasu kamfanoni suna rage kuɗi saboda irin wannan, ka tambaya. A Birtaniya tun 2022 akwai tsarin da ke ƙara wa wanda ruwa ya yi wa ɓarna har fam 10,000 don ya yi irin waɗannan gyare-gyare maimakon ya mayar da gidan yadda yake.

Abu ɗaya nake roƙon ka yi a wannan makon, ko ka saya ko ba ka saya ba. Ɗauki wayarka ka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya kana bidiyo, ka buɗe kabad da durowa, ka nuna lambobin da ke bayan firji da talabijin, ka ɗauki hoton rasitan da kake da su, sannan ka tura wa kanka ta imel ko ka tura wa wani ɗan'uwa da ke nesa. Wata baiwar Allah da na tantance wa asara haka ta yi. Ruwa ya tafi da wayarta da rasitanta, amma bidiyon yana wurin ƙaninta. Muka zauna a kan benci a ƙofar gida muna kallo, tana tsayar da shi tana nuna mini, ga keken ɗinki nan, ga katifu uku, ga firiza. A yini ɗaya muka gama lissafin da yakan ɗauki wasu makonni ana ja-in-ja, kuma ba abin da aka musa mata.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, abin ya faru, rai ne farko. A fita da wuri, kada a taɓa makunnin wuta ana tsaye cikin ruwa, kada a ratsa ruwa mai gudu a ƙafa ko a mota. Bayan ya janye, kafin kowa ya ɗauki tsintsiya, a yi hoton layin ruwan a bango ciki da waje, da awo a jikinsa. Duk abin da za a zubar a yi masa hoto tukuna, a yanki ɗan ƙyallen kafet ko katifa a ajiye. Ka sanar da kamfani a ranar, a rubuce, domin akwai wa'adi. A shirin Amurka kwana 60 ne ake ba mutum ya miƙa shaidar asararsa. Ka yi abin da zai hana ɓarna ƙaruwa, kamar fitar da jiƙaƙƙun kaya da buɗe tagogi, ka ajiye rasitin duk abin da ka kashe, amma kada ka fara babban gyara sai mai tantancewa ya zo ya gani.

Kafin ka koma wurin dillalin, ka tura masa tambayoyinka a rubuce: shin ruwan sama da ya taru a titi ya shigo yana ciki, shin wanda ya dawo ta masai yana ciki, nawa ne kason da zan ɗauka, akwai sharaɗin biya gwargwado, kuma daga wace rana kariyar za ta fara. Ka ce ya nuna maka shafi da layin kowace amsa. Amsar tasa ka haɗa ta da takardar, ka yi musu hoto, sannan ka sa su a leda ka ajiye a saman kabad, ba a durowar ƙasa ba.